Sayen Gida: A Ba Mai Saye Wata Guda Kafin Ya Biya

Duk wanda ya taɓa shiga kara a makon Babbar Sallah ya ga yadda Bahaushe yake cinikin rago. Zai buɗe masa baki ya duba haƙora, ya matsa gadon bayansa, ya sa a ja shi domin ya ga tafiyarsa, sannan ya zagaya kasuwa ya dawo, wani lokaci ma ya koma gida ya kwana da shawara. Haka nan idan mota ce ta hannu, sai an kira bakanike ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashinta, an hau titi an gwada ta. Amma abin mamaki, wannan mutumin da ba ya yarda a cuce shi a kan rago, idan aka zo maganar gida, wanda zai cinye masa garatuti da ɗan abin da ya tara cikin shekara 35 ta aikin gwamnati, sai ka ga ya shiga ya fito cikin rabin awa, ya yaba fenti da tayil, a ce an sallama, kafin la'asar ya tura kuɗi ta waya.

Tambayar da nake son mu tattauna a wannan fili ita ce, tsawon wane lokaci ya kamata a ɗauka ana binciken gida kafin a biya kuɗinsa? Abin da ya sa na taso da ita shi ne halin da ake ciki a garuruwanmu na kudancin Jihar Kano, irin su Fammar da ke Ƙaramar Hukumar Kibiya, da garin Kibiya kansa, da kuma Rano, inda 'ya'yan yankin da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja suke waiwayo gida neman wurin da za su zauna bayan ritaya. Mafi yawansu ba su da lokaci. Ƙarshen mako suke zuwa, ko hutun Sallah, ko ranar ɗaurin aure, kuma a cikin wannan 'yar ziyarar ake ƙulla cinikin da mutum zai rayu da sakamakonsa har ƙarshen ransa, ya kuma bar wa 'ya'yansa. Amsata a taƙaice ita ce: duba ginin kansa aikin awa uku ne zuwa huɗu, amma binciken da zai ba mai saye kwanciyar hankali yana buƙatar wata guda, kuma a cikin wannan watan bai kamata kuɗin gidan ya bar hannun mai shi ba.

Bari mu fara da yadda cinikin yake gudana a yau. Dillali zai kira ka ya ce an samu gida mai kyau, mai shi yana cikin matsuwa, kuma akwai wani Alhaji da ya riga ya taya, gobe zai kawo kuɗi. Ba sai an zargi dillali da mugunta ba kafin a gane dalilin gaggawarsa. La'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, sau da yawa kuma daga ɓangare biyu yake karɓa, saboda haka duk ranar da aka ƙara ana bincike rana ce da wani aibi zai iya bayyana cinikin ya watse. Shi mai sayarwa ya san gidansa ciki da bai, ya san ɗakin da ke yoyo da katangar da ke shan ruwa. Mutum ɗaya ne a wurin bai san komai ba, shi ne kuma mai biyan kuɗi. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma gidan da aka gani sau ɗaya da rana tsaka a watan Fabrairu bai fi birin da ke kan reshe ba.

Idan muka leƙa wasu ƙasashe za mu ga cewa sun raba awannin duba gini da kwanakin shawara, kowanne da matsayinsa. A Amurka, mai binciken gida yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu yana hawa rufi, yana duba wayoyin lantarki da famfo da harsashin gini, ya ba da rahoto a rubuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai waɗannan awanni suna zaune ne a cikin wani wa'adi da ake rubutawa a yarjejeniya, galibi kwana 7 zuwa 10, wanda a cikinsa mai saye yake da ikon janyewa a mayar masa da kafin alƙalaminsa, domin tun farko kuɗin a hannun wani amintacce na uku aka ajiye su. A Ingila ciniki ba ya ɗaure kowa sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, abin da kan ɗauki watanni bayan an daidaita a kan farashi. A Faransa kuwa mai sayarwa doka ta ɗora wa nauyin kawo rahoton masana a kan abubuwa irin su wayoyin lantarki da bututun gas da gubar dalma, kuma tun daga 2015 mai saye yana da kwana 10 na canza shawara bayan ya sa hannu a yarjejeniyar farko. Darasin da ke cikin wannan shi ne, ƙwarewar mai bincike ba ta da amfani idan rahotonsa zai iso bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan wata dabara ce ta Turawa da za mu aro. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin cinikin zaɓi, wato cinikin da ake ƙullawa bisa sharaɗin cewa mai saye zai gwada hajar ko ya yi shawara kafin ya tabbatar. Malamai ba su yanke wa kowace haja wa'adi ɗaya ba, sun auna shi da irin lokacin da ake buƙata kafin a san halinta. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu suke komawa gare shi, an ba tufafi kamar kwana uku, dabba ma kamar haka, amma gida an ba shi kamar wata guda, har masu sharhi suka kai shi kwana 36. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta nuna cewa ba ya halatta a gindaya sharaɗin biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓi. Haka kuma a wannan mazhaba ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami ba idan mai saye ya fasa.

Ba su tsaya nan ba, sun kuma kasa aibobin gida gwargwadon girmansu. Akwai ɗan ƙaramin da ba a waiwayarsa, akwai matsakaici wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, kamar tsagewar bangon da ba a jin tsoron zai kayar da gidan, akwai kuma babba wanda ke ba shi ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Daga cikin misalan da suka kawo har da gidan da ruwan rijiyarsa yake da gishiri a unguwar da rijiyoyinta suke da daɗin ruwa. Mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin a san siminti da rodi sun gane cewa gida ba ya bayyana halinsa a yini ɗaya. Mu da muke da digiri da mota da wayar hannu ne muka mayar da watan nan rabin awa.

To me za a yi a cikin watan? Abu na farko shi ne duba ginin, kuma wannan ba aikin mai saye da abokinsa ba ne. A nemo injiniya ko ƙwararren magini wanda ba shi da alaƙa da mai gidan ko dillali, tare da mai aikin lantarki, a biya su ladansu ko an saya ko ba a saya ba. Mai ido ya san bambancin siririyar tsaga da ke kan filasta kawai da tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana ƙara faɗi, wadda ke nuna cewa harsashin yana zama. Zai lura da ƙofar da ba ta rufuwa sai an daddage, zai ƙwanƙwasa bango ya ji inda filasta ta rabu da bulo, zai kankare bulon da ƙusa ya ga ko yashi ne zalla aka shafa wa siminti. Zai ɗaga silin ya haska fitila ya duba katakon rufi ko gara ta cinye shi, ya ga ramukan da tsatsa ta yi wa kwano. Idan ginin ƙasa ne, kamar yadda gidaje da dama suke a Fammar da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sai a duba azara da indararo da gindin katanga, a tambayi rabon gidan da yaɓe. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, har da masan maƙwabta na bayan katanga, domin masana kiwon lafiya suna ba da shawarar tazarar kamar mita 30. Duk wannan ba zai wuce awa huɗu ba a gida mai ɗaki huɗu ko biyar, kuma kuɗinsa bai kai na fentin falo ba.

Idan bene ne ko gida mai dakin, lamarin ya wuce na magini, sai injiniya mai rajista da hukumar COREN. Idan ba a manta ba, a ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa ya rufta a Ikoyi da ke Legas, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. A watan Agustan 2022 kuma wani bene da ake kan ginawa ya rushe a titin Beirut cikin birnin Kano, a tsakiyar kasuwar wayoyi. Tun 2006 Nijeriya take da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, amma kowa ya san cewa mafi yawan gidajen da ake cinikinsu a garuruwanmu babu wani jami'i da ya taɓa ganin zanensu, balle ya duba rodin da aka zuba. Ke nan mai saye shi ne mai sa ido na farko kuma na ƙarshe.

Abu na biyu shi ne ruwa, wanda ba ya amsa tambaya sai a lokacinsa. Daminarmu daga Yuni take kankama zuwa Satumba, ƙarfinta kuma a Agusta, alhali yawancin cinikin gidaje da rani ake yinsa, bayan an sayar da amfanin gona kuɗi sun shigo hannu. A watan Janairu kowane gida busasshe ne. Wanda zai iya jinkirta ciniki har ya ga gidan bayan ruwan sama mai ƙarfi, wannan shi ya fi. Wanda ba zai iya ba, ruwa yakan bar shaida: layin danshi a gindin bango, farin gishirin da ke fitowa yana ɓamɓare fenti, tabon da ke jikin silin, tsakar gidan da ta fi titi ƙasa, da kuma tudun siminti ko buhunan yashi da maƙwabta suka jera a bakin ƙofofinsu. Sabon fenti a gidan da aka sa a kasuwa abin tambaya ne, musamman idan daga ƙasa zuwa gwiwa kawai aka shafa. A yankin Rano da Kibiya, inda duwatsu suke da yawa, wajibi ne a gano hanyar da ruwa yake bi idan ya gangaro daga tudu, kuma a tambayi ko rijiyar gidan tana kaiwa bazara, domin rijiyar da take cike a Oktoba tana iya ƙafewa a Afrilu.

Akwai kuma tarihin ƙasar da gidan yake kanta. Garuruwanmu cike suke da tsofaffin kududdufai da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, kuma Rano tun asali ƙasar rini ce, ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda haka ramukan marina ba baƙon abu ba ne a tsofaffin unguwanni. Idan aka cike rami da shara aka yi gini a kai, ƙasar takan ci gaba da zama shekara da shekaru, ruwa kuma ba ya mance makwancinsa. Babu injiniyan da zai ga wannan da ido cikin awa huɗu, amma duk dattijon da ya haura shekara sittin a unguwar zai gaya maka kyauta, in dai ka zauna ka gaishe shi ba a gaban dillali ba. Shi ya sa ziyara ɗaya ba ta wadatarwa. A je da safe, a koma da dare, a kuma je ranar kasuwa, a ji ƙarar injin niƙa da hayaƙin da rana tsaka ta ɓoye, a san kuma su wa za a yi maƙwabtaka da su.

Abu na uku shi ne takarda, kuma a nan ne 'yan boko suka fi faɗawa rami, domin suna ganin hatimi sai hankalinsu ya kwanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da haƙƙin zama, kuma sashe na 22 ya hana a sayar ko a jinginar da shi ba tare da amincewarsa ba. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin zama na gargajiya, sashe na 21 kuma ya nemi amincewarta kafin a sayar. Sashe na 26 ya ce duk cinikin da ya saɓa wa wannan tsari ba shi da inganci. Wannan ba barazanar baki ba ce, domin a 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta rushe wata jingina saboda rashin amincewar gwamna, banki da lauyoyinsa suka tashi a tutar babu. Saboda haka tambayar farko ga mai sayen gida a Rano ko Kibiya ko Fammar ita ce, a ƙarƙashin wace hukuma wannan fili yake? Idan akwai satifiket, a kai lambarsa hukumar KANGIS ko ma'aikatar ƙasa a bincika sunan wa take ɗauke da shi, kuma ko an jinginar da shi a banki. Idan takardar ƙaramar hukuma ce, a je sashen ƙasa na sakatariya a ga rajistar da ido. Idan takardar ciniki ce ta mai unguwa da dagaci, a bi sarƙar tun daga mai asalin gonar, a nemi shaidun da suke raye. A kuma nemi shaidar biyan kuɗin wuta, kada a gaji bashin da wani ya tara. Wannan zirga-zirga ita ce take cin mako biyu zuwa uku.

Abin da ya faru a Kano a watan Yunin 2023 ya isa ishara. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka fara rusa gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne da aka rabar ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwar Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ta ba da umarnin a biya su diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba ina nan ne domin in yanke hukunci tsakanin gwamnatin da ta bayar da wadda ta rusa ba. Abin lura ga mai saye shi ne, da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardu. Ashe bayan tambayar ko akwai takarda, akwai wata tambayar: me aka ware wannan wuri domin shi tun farko? Filin makaranta, ko burtali, ko maƙabarta, ko gefen hanyar da za a faɗaɗa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, duk suna iya zuwa da takarda mai hatimi.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowanne cika kotunan shari'a da ƙararraki, shi ne gado. Gidaje da yawa da ake sayarwa a garuruwanmu gidajen gado ne da ba a raba ba. Babban wa ne yake tsayawa a gaba, ya ce ƙannensa duk sun amince, alhali akwai 'yar'uwa da ke aure a wani gari ba a ko sanar da ita ba, akwai marayu ƙanana, akwai wanda ya tafi neman kuɗi kudu ko Saudiyya shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba. A fiƙihun Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe kason. Wanda yake gari kuma ya sani, haƙƙinsa yana faɗuwa bayan kamar shekara guda, amma wanda ba ya nan haƙƙinsa yana nan komai daɗewar tafiyarsa. Wanda aka sayar da kasonsa ba da saninsa ba kuwa, shi maganarsa ta fi ƙarfi. Maganin wannan shi ne a nemi takardar rabon gado daga kotu, a lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, a ji daga bakin kowannensu ko daga wakilinsa na gaskiya. Tara irin waɗannan mutane ba aikin yini ɗaya ba ne.

Na san za a kawo uzurori. Wani zai ce mai sayar da gida galibi matsuwa ce ta sa shi, ko asibiti ko bashi ko aurar da 'ya, ba zai iya jiran wata guda ba. Wannan gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Sai dai wata guda iyaka ce, ba dole sai an cinye ta ba. Mai gidan da takardunsa suke a kammale, magadansa suke a shirye, zai iya ganin an gama komai cikin kwana goma. Wanda jinkirin yake cutarwa sosai shi ne wanda yake da abin ɓoyewa. Wani kuma zai ce kafin ka gama bincike wani ya zo ya saye. To ai amfanin rubuta sharaɗin zaɓi ke nan, gidan yana ɗaure da cinikinka har wa'adin ya cika. In kuwa mai gida ya ƙi yarda da ko da mako biyu, ƙin nasa ma wani sakamakon bincike ne, kuma gara gida ya wuce ka da ka saye shi da shari'a a cikinsa.

Uzuri mafi nauyi a wurinmu shi ne kunya. A gari irin Fammar kowa ɗan'uwan kowa ne, mai sayarwa yana iya zama surukin yayanka ko abokin mahaifinka, kuma kawo injiniya ya ƙwanƙwasa masa bango tamkar ce masa aka yi maƙaryaci. Amma mu tambayi kanmu, wanne ya fi ɓata zumunci, awa huɗu na dubawa ko shekara huɗu ana sintiri a kotu? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Kuma hanyar kawar da kunyar ita ce a mayar da binciken al'ada da ta hau kan kowa, yadda babu wanda zai ji cewa shi kaɗai aka tuhuma, kamar dai yadda gwajin lafiya kafin aure ya fara da ƙorafi amma yau ya zama abin da iyaye da kansu suke nema.

A nan ne nake kira ga masu faɗa a ji. Masarautar Rano, wadda tun daga 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda kusan babu cinikin gida ko gona da ake yi ba da sa hannunsu ba. Umarni ɗaya daga fada ya isa ya sa kada mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki sai an rubuta wa'adin zaɓi a cikinta, an kuma lissafa magada idan gidan gado ne. Ƙananan hukumomin su fitar da takardar ciniki iri ɗaya, da Hausa, mai gurbin da mai sayarwa zai bayyana aibobin da ya sani, su kuma yanke kwanakin da jami'in ƙasa zai amsa tambayar mai bincike a kan kuɗi sananne mai rasit. Majalisar Dokokin Jihar Kano ta duba yiwuwar mayar da wannan wa'adi doka, tare da yi wa dillalan gidaje rajista. Ƙungiyoyin injiniyoyi da magina su sauko daga manyan kwangiloli, su tsara ɗan gajeren rahoton duba gida mai shafi biyu a farashin da malamin firamare zai iya biya, matasanmu masu takardun fasaha da ke zaune ba aiki su samu sana'a. Malamai kuma su fito da babin ciniki daga zaure zuwa mumbari, domin jama'a su san cewa ɓoye aibin haja haramun ne, neman lokacin bincike kuma haƙƙi ne da shari'a ta bayar.

Kafin hukumomi su motsa, mai karatu yana da abin yi a hannunsa. Duk ranar da aka kai ka ganin gida, ka yaba abin da ya cancanci yabo, ku daidaita a kan farashi, sannan ka ce a rubuta a gaban shaidu cewa kana da zaɓi na kwana 30, kuɗi kuma sai ranar da wa'adi ya cika ko ka gamsu kafin nan. Ka ba ginin awanninsa huɗu, ka ba ofisoshi makonninsu, sauran kwanakin ka ba maƙwabta da magada. Gidan da za ka zauna a cikinsa shekara talatin ba zai gudu ba saboda ka nemi kwana talatin. Allah Ya ba mu muhalli mai albarka da maƙwabta na gari, Ya kuma tsare mu daga da-na-sani.